Hannun Shuka: Me Ya Sa Iri Ke Ƙin Fitowa a Tsakar Gidajenmu na Gombe?

Shekara uku a jere ina binne kuɗina a ƙasa. Da watan Maris ya kama, sai in sayo 'yan fakitin irin furanni, waɗanda hoton jikinsu kaɗai ya isa ya raba mutum da kuɗin cefane, in cika tsofaffin bokitai da ƙasa a tsakar gidanmu da ke Pantami, in shuka, in bi su da ruwa safe da yamma. Ruwan ma na sayarwa ne, daga kurar 'yan ga-ruwa. Mako biyu, mako uku, shiru kake ji wai malam ya ci shirwa. Ɗan abin da ya daure ya leƙo kuwa, bai kwana biyar ba ya kwanta. Goggona, wadda ko tsinke ta soka a bayan ɗakinta sai ya yi ganye, ta dubi bokitan nan ta ce, "Kai dai ba ka da hannun shuka. Haƙura za ka yi."

Maganar hannu ta daɗe a bakin mutane, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, domin ga shi nan ana gani: wani ya shuka ya fito, wani ya shuka ya ruɓe. Sai dai da na bi diddigin abin, na tarar abin da muke kira hannu sani ne da mai shi ya tara tun yana yaro, har ya manta cewa koya ya yi. Goggo ba za ta iya faɗa maka zafin da irin latas ke jurewa ba, amma ba za ka taɓa ganin ta yafa shi da bazara ba.

Wanda ya fara warware mini zaren wani dattijo ne mai rainon itatuwa a bakin titi. Na same shi zaune kan buhu, yana ɗura ƙasa a ledojin ruwan sha da yara suka tsinto masa, yana huda gindin kowace da ƙusa. Na yi masa sannu da aiki, na miƙa masa ragowar fakitin da ke aljihuna. Ya juya shi gaba da baya, ya shafa inda launin hoton ya koɗe.

"Ɗana, a ina ka samo wannan?"

"A wani shago, Baba. A rataye suke a bakin ƙofa."

"Rana na dukan su?"

"Tana duka kam."

Ya miƙo mini abina. "To gawa ka saya. Ko ni na shuka, ba abin da zai fito."

Iri abu ne mai rai. A cikin kowace ƙwaya akwai jaririn tsiro a naɗe, da guzurinsa, da rigar da ke kare shi. Yana numfashi a hankali, yana cin guzurin nan kaɗan-kaɗan, kuma zafi da laima su ne ke sa shi cinyewa da wuri. Wani masanin iri na Jami'ar Kalifoniya a Amurka, James Harrington, ya fitar da wani ƙiyasi da har yau ake aiki da shi: duk ƙarin digiri 5 a zafin wurin ajiya yana raba tsawon ran iri gida biyu, haka ma duk ƙarin kashi 1 cikin 100 na laimar da ke jikinsa. Ƙiyasi ne, ba wahayi ba, amma a ɗora shi kan garinmu a gani. Irin da zai yi shekara huɗu a ɗaki mai digiri 20, idan aka rataye shi a shagon kwano mai digiri 40, an raba ransa biyu har sau huɗu ke nan. Wata 48 ya koma wata uku. Wannan ne dalilin da ya sa rumbun ajiyar iri na duniya da aka buɗe a 2008 a tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe yake riƙe da kayansa a digiri 18 ƙasa da sifili, kuma a cikinsu har da waken da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta kai ajiya. Mu da ba mu da dutsen ƙanƙara, kwalba mai murfi ta ishe mu: a busar da iri sosai a inuwa, a zuba, a toshe, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da madafa da rufin kwano.

Kuma kowane iri da tsawon kwanansa. Na albasa da ƙyar yake wuce shekara guda da ƙarfinsa, shi ya sa masu lambun garin Kwadon da ke kusa da Gombe ba sa wasa da tambayar na bana ne ko na bara. Na tumatir da kuɓewa sun fi shi jimiri. Akwai kuma waɗanda ajiyar ce ma ajalinsu. Ƙwallon mangwaro, ƙwarar kaɗanya da 'ya'yan dogon yaro ba sa son a shanya su a jinkirta. Cikin 'yan makonni ƙarfinsu ke zubewa. Su daga baki sai ƙasa. Kaɗanya ma tana da wani hali da ke yaudarar mai gaggawa: saiwa take fara turawa can ƙasa, ta daɗe kafin ta nuna kai a sama, har mutum ya zubar da ledar yana cewa ta mutu.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin ka ɓata ruwa da taki, ƙirga ƙwaya goma, naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, sa a leda, ajiye kusa da randa. Bayan mako guda ka buɗe. In takwas sun fasa, irin lafiya lau. In uku ne, ko dai ka yafa da yawa ko ka nemi wani. Hukumar kula da ingancin iri ta ƙasa, wato NASC, ta fito da tsarin lambar da ake kankarewa a jikin fakiti a tura ta waya don tantance na gaske da jabu, kuma abu ne mai amfani ga irin amfanin gona. Sai dai lambar ba za ta gaya maka wata nawa fakitin ya yi yana gasuwa a rana ba. Wannan aikin tsumma ne.

Kuskurena na biyu ya fi na farko girma, kuma shi ne nake ganin ya fi kashe wa 'yan birni gwiwa. Yawancin fakitin furannin nan daga Turai ko Amurka bayanin jikinsu ya fito, inda babban abokin gabar mai lambu sanyi ne. Sai su rubuta cewa a shuka a watan Maris ko Afrilu, bayan ƙanƙara ta wuce. A can lokacin ne ƙasa ke fara ɗumi, kamar safiyar Nuwamba a wajenmu. A Gombe kuwa Maris da Afrilu su ne tsakiyar bazara, ma'aunin zafi na taɓa digiri 40, ƙasar da ke cikin baƙar leda a rana kuma ta zarce haka nesa. Wanda ya bi kalandar fakiti ya aika jarirai cikin tanda.

Latas shi ne misalin da ya fi fitowa fili. Da zafin ƙasa ya haura wajen digiri 30, sai ƙwayar ta kulle kanta ta ƙi fasawa, ko da lafiyarta ƙalau. Dabara ce ta tsira da ta gado daga ƙasashen da ta fito, inda fitowa cikin zafi ke nufin mutuwa da ƙishi. Saboda haka lokacinsa a nan daga ƙarshen Oktoba ne zuwa Disamba, tare da kabeji da karas da furannin ƙasashen sanyi irin su fetuniya. Wanda ya matsu ya shuka shi da sauran zafi, sai ya yafa da la'asar sakaliya, a inuwa, ya shayar da ruwan randa mai sanyi, domin awannin farko da ƙwaya ke shan ruwa su ne ke yanke hukunci.

Hunturun ma ba kowa yake yi wa daɗi ba. A darare irin na ƙarshen Disamba da Janairu, tattasai da attarugu sukan yi nawa ƙwarai. Tumatir zai fito cikin mako guda ko ƙasa da haka, attarugu kuwa ya kwashe mako biyu zuwa uku yana shawara. Mutane da yawa suna tone shi a kwana na goma don su ga ko yana nan, su karya 'yar ƙaramar saiwar da ya fara.

Furannin da suka fi dacewa da mai koyo su ne waɗanda asalinsu daga ƙasa mai zafi ne. Marigol da ziniya daga Meziko suka fito, kuma cikin kwana huɗu zuwa bakwai suke tsirowa. A yafa su farkon damina, wajen ƙarshen Mayu ko Yuni, su yi fure kafin ruwan Agusta ya yi musu yawa. Ko kuma a jira kaka idan akwai ruwan ban-ruwa. Marigol yana da ƙarin lada: saiwarsa na rage wasu tsutsotsin ƙasa da ido ba ya gani, masu sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulu-ƙulu. Bogenbiliya kuwa, wadda ke lulluɓe katangun gidajen GRA, kada ma ka wahalar da kanka neman irinta; reshe ake yanka a dasa, kamar na'ana'a.

Inda abin ya fi burge ni shi ne itatuwanmu na gida, domin su matsalarsu ta juya baya. Irin bature yana mutuwa da wuri, namu kuwa taurin kai gare shi. Ɗauki ɗan kuka ka shuka yadda yake, kana iya wata da watanni kana ban-ruwa ba labari. Haka kalwar ɗorawa, da 'ya'yan tsamiya, da bagaruwa, da gawo. Rigarsu ba ta barin ruwa ya shiga, kuma da hikima a ciki. A ƙasar da ruwan farko kan sauka a Afrilu sannan sama ta ɗauke har mako uku, irin da ya amsa kiran yayyafin farko ya halaka. Sai itacen ya sa wa 'ya'yansa sulke, wasu su buɗe bana, wasu baɗi, wasu sai wutar daji ta lashe su ko gara ta ɗan ci gefensu.

Gawo ya ma fi kowa wayo. Shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani, kuma da rani yake zubo da 'ya'yansa, daidai lokacin da dabbobi ba su da abin ci. Akuya ko saniya ta haɗiye, cikinta ya tausasa rigar ƙwayar, ta kai ta wani wuri ta ajiye tare da takinta. Dattijon nan nawa ya ce shi bai taɓa sayen irin gawo ba. Turken awaki yake sharewa ya tsince.

Wanda ba shi da akuya yana da hanya biyu. Ta farko ruwan zafi: a tafasa, a sauke daga wuta, sannan a zuba kan irin, a bar shi ya kwana a ciki. Da safe waɗanda suka kumbura a shuka su nan take, waɗanda suka ƙi a sake musu. A lura, sauke ruwan ake yi, ba dafa irin ba. Na taɓa mayar da kalwa rabin kwano abin daddawa saboda na bar ta kan murhu. Hanya ta biyu ita ce a ɗan goge gefen ƙwayar a kan siminti ko a ɗan ƙwanƙwatse ta da abin yankan farce, nesa da cibiyarta, har sai fari ya ɗan leƙo. Ta fi cin lokaci amma ta fi tabbas, kuma ita ce maganin bishiyar nan 'yar asalin Madagaska mai jan fure kamar gobara a ƙarshen bazara, mai dogon kwanso kamar takobi. Zogale ba ya buƙatar ko ɗaya. Cikin mako ɗaya zuwa biyu yake fitowa. Kuma kada wani ya ji wannan ya zuba wa irin tumatir ko na fure tafasasshen ruwa.

Sai batun zurfi. Ƙa'idar da masu lambu ke bi ita ce a binne ƙwaya kamar ninki biyu zuwa uku na kaurinta. Guzurin da ke cikinta shi zai kai ta sama, in hanyar ta yi tsawo ya ƙare a tsakiya. Ƙanana irin na latas, da fetuniya, da ɗan furen nan mai ganye kitse-kitse da ke buɗewa da hantsi, ba a ma binne su, domin suna son haske kafin su fasa. A cakuɗa su da busasshen yashi don su rarrabu, a barbaɗa, a danna da tafin hannu. Ni kuwa da yatsa nake haƙa musu kabari har gaɓa biyu.

Waɗanda suka fito sannan suka kwanta fa? Na daɗe ina zargin rana, ashe son da nake nuna musu ne ya yi yawa. In ka tsugunna ka duba tsiron da ya faɗi, za ka ga daidai inda karansa ya taɓa ƙasa ya sirance ya yi duhu, kamar an tsunkule shi da farce. Wasu ƙwayoyin fumfuna ne da ke zaune a ƙasa, kuma abin da suke so uku ne: laimar da ba ta tsanewa, cunkoso, da rashin iska. Bokitaina ba su da huji, ƙasar laka ce na ɗebo daga bakin kwata, na kuma haɗa da ɗanyen kashin kaji don in burge su. Haɗin da na koya daga baya shi ne ƙasar sama kashi biyu, yashi kashi ɗaya, tsohon taki da ya ruɓe har ya daina wari kashi ɗaya. Wasu suna ƙara ƙonannen ɓuntun shinkafa don ƙasar ta yi sako-sako. Masu rainon da yawa sukan turara haɗin a rabin durom kan wuta, su bari ya huce, don kashe cuta da irin ciyawa. Ruwa kuma da safe, ta gwangwanin madara da aka huda da ƙusa, ba a kwara da moɗa ba. A rufe fangalin da busasshiyar ciyawa har zuwa ranar da kai na farko ya ɓullo, ranar nan a ɗauke, in ba haka ba su yi tsawo su yi fari kamar yaron da bai taɓa fita waje ba.

Kaji da ƙadangaru kuwa, yafa iri a gabansu shuka ce a idon makwarwa. Tsohon gidan sauro ya wadatar. Irin da ka ga an rina shi ja ko shuɗi, magani ne a jikinsa. A wanke hannu, a ɓoye wa yara.

Akwai wani ɓacin rai na daban da ke zuwa a shekara ta biyu. Mutum ya sayi iri mai tsada, tumatir ya yi kyau, ya ce to na huta, ya ɗebi iri daga mafi girma. Baɗi ya shuka, sai ga wani dogo, wani gajere, wani mai ruwa, wani kamar gauta. Albasa ba ta yi halin ruwa ba. In ka koma ga fakitin za ka ga an rubuta F1, ma'ana ɗa ne na farko daga auren iyaye biyu mabambanta da kamfani ya zaɓa. Shi ɗan fari yakan fito bai ɗaya, da ƙarfi, amma jikoki sai halayen kakanni su watse a tsakaninsu. Wani malamin coci mai binciken tsirrai, Gregor Mendel, ya nuna wannan da waken turawa a lambun wani gidan ibada a garin Birno, a Jamhuriyar Cek ta yau, ya wallafa a 1866: a zuriya ta biyu, halin da ya ɓuya yakan dawo a kusan ɗaya cikin huɗu. Ba ha'inci ba ne, kuma F1 yana da amfaninsa ga mai noman sayarwa. Amma ga mai tsakar gida, wanda kwano biyu na tumatir ya ishe shi, ni ina ganin tsofaffin nau'o'i irin su Roma da wanda manoma ke kira UTC sun fi masa, domin 'ya'yansu na gadon iyaye, ya saya sau ɗaya ya ci gaba da ɗiba. Tumatir yawanci kansa yake yi wa barbara, shi ya sa yake riƙe kamanninsa. Kabewa da barkono kuwa ƙudan zuma na yi musu yawo da garin fure daga gida zuwa gida, sai ka shuka tattasai kusa da mai yaji, baɗi miya ta ba ka mamaki.

Wannan dai shi ne dalilin auren itatuwa. Ƙwallon mangwaro mai zaƙi ba lallai ya haifi mai zaƙi ba, kuma sai ka jira shekara biyar ko fiye kafin ka san abin da ka samu. Shi ya sa ake rainon ƙwallon na gida don saiwarsa mai jure fari, sannan a ɗaura masa reshen wanda ake so. Aikin hannu ne da ake koyarwa a Kwalejin Koyon Aikin Lambu ta Tarayya da ke Dadin Kowa, kusa da madatsar ruwan da ke kan kogin Gongola, kuma abin mamaki ne yadda muke da irin wannan makaranta a bayan gida amma yawancinmu hoton fakiti ne malaminmu. Gwanda da dabino su ma suna da nasu: daga iri akan sami namiji da mace, kuma ba ka ganewa sai sun yi fure. Don haka ake sa gwanda uku a rami ɗaya, in sun nuna kansu a cire waɗanda ba a so.

Dashe shi ne gaɓar ƙarshe da ake asara. Tumatir yakan isa a mako uku zuwa huɗu, tattasai biyar zuwa shida, albasa shida zuwa takwas. Kwanaki kafin ranar a rage musu ruwa, a riƙa janye rumfa kaɗan-kaɗan su saba da rana, sannan a dasa da yamma. Karas, kuɓewa, kankana da sanfulawa ba sa son a taɓa saiwarsu. Inda za su zauna nan ake shuka su. Itace kuma in ya daɗe a leda, saiwarsa takan naɗe kamar gammo, kuma ko an dasa shi haka zai ci gaba da shaƙe kansa. A garin da kwazazzabai ke cin unguwanni, har gwamnatin jiha ta ɗauki dashen itatuwa a matsayin babban shiri, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Itacen da za a dasa a Yuni ko Yuli, tun wajen Fabrairu ko Maris ya kamata a fara rainonsa a inuwa. Wanda aka dasa a Satumba kuwa, ruwa zai ɗauke kafin saiwarsa ta kama ƙasa, sai in akwai mai ɗaukar masa jarka har wata bakwai.

Bana a makon farko na Nuwamba na yafa latas da marigol a tsohuwar tayar mota da na yanke, na rufa da gidan sauro. Ledoji goma sha biyu na kuka kuma suna jere a gindin katanga, bakwai sun fito. Goggo ta zo wucewa da buta, ta tsaya, ta sa yatsa a ƙasar tayar ta murza.

"Wa ya haɗa maka wannan?"

"Ni ne, Goggo."

Ta yi shiru tana kallon layin. "Sun yi cunkoso. Gobe da safe ka rage, ka kawo mini waɗanda ka cire."